Yadda ake gyara ƙafar gaban Mustang ta 1965 da 1966 don ta riƙa shan kwana

Kusan duk wanda ya sayi tsohuwar Mustang a nan Amurka abu ɗaya yake fara yi: ya buɗe bonet, ya zuba wa injin ido, ya fara lissafin sabon kabureta da salansa mai ƙara. Sai ranar da ya shiga kwana da ɗan gudu, ya juya sitiyari, motar ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale, tayoyin gaba suna kuka, hancinta kuma ya miƙe ya nufi bakin titi, sannan yake tunawa da cewa mota tana da ƙafa. Daga nan sai ya faɗa kuskure na biyu, ya hau intanet ya yi odar kaya masu ƙyalli na kuɗi masu yawa, a ɗaura, motar ta ƙara tauri amma halinta a kwana yana nan. Na ga haka a garejin da nake aiki ya fi a ƙirga. Ciwon wannan mota yana wurin da aka ɗaure hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ta sama, maganinsa kuwa ramuka huɗu ne.

Ford ta fito da Mustang a watan Afrilun 1964, kuma a ƙarƙashin wannan kyakkyawan jiki ƙafar Falcon ce, motar iyali mai araha. An tsara ta don siraran tayoyin wancan zamani da direban da ba ya sauri. Idan motar ta kwanta a kwana, tayar da ke waje, wadda duk nauyin ke kanta, sai samanta ya karkata waje, ta koma tana tafiya a kan gefenta maimakon ta shimfiɗa tafinta a kwalta. Wani injiniyan Ford mai suna Klaus Arning ne ya lissafa cewa in aka sauke mazaunin hannun sama da inci ɗaya, tayar za ta riƙa karkatowa ciki yayin da ƙafar ta nutse. Carroll Shelby, mai haɗa motocin tsere, ya ɗauki wannan ya sa a tasa Mustang ɗin mai suna GT350 ta 1965, shi ya sa har yau masu motar ke kiran aikin da sunan Shelby, wasu kuma da sunan Arning. A 1966 aka daina yi wa motocin, don aikin hannu ne mai cin lokaci, ba don bai yi amfani ba.

Kafin ka taɓa sifana

Ɗauko tocila ka leƙa gidan shokozoba, wato wannan tudun ƙarfe da ke kowane gefe na injin. A wannan mota sifirin yana zaune ne a kan hannun sama, kansa kuma yana tokare da rufin gidan, saboda haka duk nauyin gaba a nan yake sauka. Shekara sittin kenan yana ɗauke da shi. Goge datti da tsohon giris, ka nemi tsaga a kewayen ramukan da aka ɗaure hannun da kuma ƙasa inda gidan ya haɗu da firam. Motar da ta yi rayuwarta a Michigan ko Ohio, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai ka bi ta da sukundireba kana tsokana, don fenti yana rufe ruɓa. Ta Arizona ko Kalifoniya da sauƙi. Za ka iya tarar da wani rami mara fasali da aka ƙona da wutar gas a jikin gidan. Aikin makanikan da ne, sun huda don bakin giris ya isa hannun sama ya daina ƙugi. In ka ga tsaga ko irin wannan rami, mai walda za ka fara kira. Huda sababbin ramuka a ƙarfen da ya riga ya tsage gyaran gangar Auzinawa ne.

Sai kayan aiki. Wanda ya koyi aiki a kan Toyota da Peugeot ya ajiye sifanunsa na 12 da 14 da 17, motar nan da inci take magana. Sifana 13 za ta yi kamar ta kama noti mai rabin inci, amma za ta cinye masa kai in ya yi tsatsa. Sannan ka duba yawan notin tayarka. Mai silinda shida huɗu gare ta, mai V8 biyar, kuma nokul, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da kayan sitiyarinsu ba ɗaya ba ne. Na ga wanda ya yi odar kayan V8 gaba ɗaya alhali motarsa asalinta mai shida ce da wani ya dasa wa injin V8 mai lamba 289.

Kwance ƙafar

Ɗaga motar, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin firam, ka cire taya. Fitar da shokozoba ta sama. Yanzu sifirin. Ban yarda da abin matse sifirin mai ƙugiya biyu da ke kamawa ta waje ba a wannan mota, wurin ya yi matsi kuma ƙugiyar tana zamewa. Nemi wanda ake zurawa ta ramin da shokozoba ta fito, ya kama kujerar sifirin ta ƙasa, kana ɗaure shi daga sama. Yawancin shagunan kayan mota a nan suna ba da aron kayan aiki in ka ajiye kuɗin jingina, amma ka duba irin wanda za su miƙo maka. Matsattsen sifirin in ya kuɓuce ba ya tambayar sunanka. Kada fuskarka ko hannunka su kasance a saitinsa, in ka fitar da shi kuma ka sassauta shi nan take, kada ka jingine shi a matse ka tafi cin abinci.

Raba boljoyin na sama, wato mahaɗin da ke ƙarshen hannun sama, da nokul, ka sa wani abu a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗauke nauyin, ko ka ɗaure nokul ɗin da waya, don kada ya rataya a jikin tiyon birki. Hannun sama noti biyu ke riƙe da shi, ta cikin ɗakin injin ake kwance su. Lokacin da za ka zare shi, wasu siraran ƙarafa da ake kira shim za su zubo daga bayansa. Kada ka bar su su cakuɗe. Na kusoshin gaba daban, na baya daban, hagu daban, dama daban, kowanne ka naɗe shi da salatif ka rubuta. Da su ake saita karkatar ƙafar motar 1965 da 1966.

Hudar, inda nake so ka nutsu

Awon shi ne: inci ɗaya ƙasa, wato milimita 25.4, da kuma kashi ɗaya cikin takwas na inci zuwa baya, wajen milimita 3. Wannan na 1965 da 1966 ne. Daga 1967 zuwa 1970 inci ɗayan kawai ake saukewa, ba a matsawa baya, tazarar ramukan ma ta fi faɗi, don haka farantin awon wannan ba ya yi wa waccan. Kuma ba daga ƙasan gareji ake auna "ƙasa" ba. Daga layin da ya haɗa tsofaffin ramukan biyu ake sauka a miƙe, domin layin da kansa a ɗan karkace yake.

Ana samun zanen awon a takarda a buga. Ni dai ban ba ka shawara ba. Na'urar buga takarda tana rage girma ko ta ƙara ba tare da ka lura ba, takarda kuma tana motsi. Sayi farantin ƙarfe da aka riga aka huda, kuɗinsa bai kai na cika tankin mai ba. Yana da manyan ramuka biyu da za ka ɗaure a tsofaffin ramukan motar da kusoshi, da ƙanana biyu da za su nuna maka inda za ka huda.

Ga inda na sha kashi a motar farko da na yi wa wannan aiki. Na gama ɓangaren direba lafiya lau, na kwance farantin, na zagaya ɗaya gefen na ɗaura shi yadda yake a hannuna, fuskar da ke kallona a can ita ke kallona a nan. Ban juya shi ba. Ka ga kenan ɗan matsawar nan da ya kamata ta yi baya, a wannan gefen gaba ta yi. Milimita 3 baya a hagu, milimita 3 gaba a dama. A ido ba ka ganin komai. Na haɗa komai, na sauke mota, ina ta murna. Da na hau titi sai motar ta riƙa ja gefe guda kamar akuyar da ta hango dusa. Mai saita ƙafa ya yi ta cusa shim a gefe ɗaya har zaren kusa ya kusa ƙarewa, abin bai daidaita ba. Maigidana na lokacin, wani dattijo da ba ya yawan magana, ya tsuguna ya leƙa ramukan, ya miƙe ya ce in kwance. Sai da aka cike ramukan biyu da walda, aka goge, aka sake huda. Kwana biyu suka tafi a kan abin da alli zai hana. Tun daga ranar, kafin in ɗaura faranti, sai na zana kibiya a jikinsa mai nuna gaban mota, ta fuska biyun, in kuma tsaya in tabbatar ƙananan ramukan sun fi kusa da bayan mota a kan manyan. Kai ma ka yi haka, ko da farantin ya zo da rubutu.

Kuskure na biyu da nake gani wurin 'yan koyo shi ne ɗauko babban bakin huda tun farko. Ƙarfen wurin ninki ne, yana da kauri, babban baki kuma yawo yake yi kafin ya kama, ramin ya fito kamar ƙwai. Fara da ƙaramin baki mai kashi ɗaya cikin takwas na inci ta cikin ramin farantin, ka huda duka biyun, sannan ka cire farantin. Daga nan ka riƙa hawa a hankali, baki uku ko huɗu, har ka kai 17/32 na inci, wato wajen milimita 13.5. Kusoshin rabin inci ne, wannan ɗan sararin shi ke ba su damar shiga ba tare da duka ba. Injin huda ya tafi a hankali, kana ɗiga mai, kana riƙe da shi a miƙe. In ka ga hayaƙi ko ɓarɓashin ya koma shuɗi, ka yi sauri da yawa, bakin ya mutu. Bakin 17/32 ba kowane shago ke ajiye shi ba, ka saye shi tun kafin ka kwance mota.

Kafin ka huda, leƙa ta cikin ɗakin injin ka ga abin da ke bayan wurin. Akwai bututun birki, akwai wayoyi, ga bututun hayaƙin injin dab da bango. Bakin huda in ya ɓulla da ƙarfi yake faɗawa ciki. Ni guntun katako nake cusawa a tsakani. Ba sai an fitar da injin ba, ta wajen taya ake hudar, amma in an sa wa motar manyan bututun hayaƙi na kasuwa, ɗaure notin a sabon wurin zai sa ka yi zufa.

Za ka ji masu cewa in inci ɗaya ya yi kyau, inci ɗaya da rabi ya fi. Da hannun sama na asali, a'a. In ka wuce inci ɗaya, boljoyin yana kai ƙarshen lanƙwasarsa kafin ƙafar ta gama nutsewa, ya cije, wata rana ya karye. Masu sauke fiye da haka suna canza kusurwar mazaunin boljoyin ɗin ne da wasu kaya na musamman. Motar titi ba ta buƙata. Goge bakin ramukan, shafa fenti, ka bar tsofaffin ramukan yadda suke.

Mayar da kaya

Tunda hannun sama yana ƙasa, ka duba sandar da yake juyawa a kai. Bushin ɗinta na ƙarfe ne mai zare, in ya bushe shi ke wannan ƙugin da ake jin tsohuwar Mustang da shi tun daga nesa. In akwai lilo, canza hannun gaba ɗaya, sabo da boljoyin ɗinsa ba shi da tsada. Ka sa masa kan giris mai lanƙwasa tun yana hannunka, don in ya hau mota miƙaƙƙen ba ya samuwa. Wajen mayar da shim, rage kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci daga kowace kusa. Wannan zai kai ka wurin mai saiti ba tare da taya ta ci ba.

Kujerar sifirin ta asali a kan roba take juyawa, roban kuma in ya tsufa ƙin juyawa yake, sai ka ji motar tana dukan ka a kowane ɗan tudu. Akwai mai boris a ciki. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak bayan hudar, wannan za ka saya. Mutane ba sa kula ta don ba a ganinta daga waje.

Sifirin kuma, wanda aka fi tallatawa shi ne mai lamba 620, mai tauri sosai. A filin tsere ya yi. A titin gari mai faci da ramuka, ni ban sa wa kowa shi, mai ɗaukar wajen fam 500 kafin ya nutse inci ɗaya ya ishe ka, musamman in injin 289 ne wanda ba shi da nauyi sosai. Ka tuna hudar da kanta tana sauke gaban motar da kusan rabin inci, don haka kada ka yi gaggawar yanke sifirin. Haɗa, ka yi tafiyar kwana biyu ya zauna, sannan ka auna. In dole sai an rage, da dutsen yanka za a yanke, rubu'in zagaye a lokaci guda. Mai gasa sifirin da wutar gas don ya sauka ya kashe ƙarfen, kada ka bar shi kusa da motarka.

Akwai sandar da ta taso daga hannun ƙasa ta nufi gaban firam, ita ke hana taya ja da baya in ka taka birki. A nan ne masu son roba mai tauri, wadda ake kira foliyuritan, suke jawo wa kansu. Sandar tana buƙatar ta yi sama da ƙasa tare da hannun. In ka matse kanta da abin da ba ya lanƙwasa, ita za ta riƙa lanƙwasa a wurin zare har ta karye, in ta karye kuwa taya baya take yi ta daki jikin mota. Baƙar roba ta gargajiya za ka sa a nan, ko ka sayi sanda mai kai mai juyawa. Foliyuritan ka kai shi kan sitabilaiza, sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, can ne wurinsa.

Notin bushin hannun ƙasa kada ka ƙarasa ɗaure shi mota tana sama. Sauke ta a kan tayoyinta, ka girgiza ta, sannan ka ɗaure. In ba haka ba roban zai zauna a murɗe, wata shida ya yage.

Sitabilaiza ta asali siririya ce, 5/8 na inci a yawancin motocin. Sa mai inci ɗaya, irin wadda GT350 ta zo da ita. Shokozoba kuma Koni Shelby ya sa, har yanzu ana samunta, Bilstein ma ta yi. Abin da za ka guje wa shi ne mai arha mai iskar gas da yawa, tauri kawai take ƙarawa.

Ƙarfe biyu na cikin ɗakin injin

Gidajen shokozoba biyun suna matsowa juna da tsufa, a kwana ma suna motsi, duk saitin da ka yi sai ya riƙa canzawa. Ƙarfe biyu ke maganin wannan. Na farko guda ɗaya ne mai siffar V, ya taso daga bangon da ke gaban gilashi ya kama kan gidajen biyu. A wancan lokacin Ford tana sa shi a motocin da take fitarwa ƙasashen waje, daga nan ya samo sunan da ake sayar da shi, "export brace". Na biyu miƙaƙƙiyar sanda ce daga gefe zuwa gefe a gaban injin, ana kiranta Monte Carlo, sunan tseren da motocin Falcon suka shiga a 1963 da 1964. In ka zo ɗaurawa ka ga ramuka ba su hau ba, kada ka faɗaɗa su, motar ce ta tsuke. Ɗaga ta, tayoyin gaba su rataya, ka bar ta ta kwana a haka, da safe yawanci sai ka ga sun hau. Sayi mai kauri, na gwangwani da ake sayarwa da arha da hannu ma ana lanƙwasa shi. In na'urar sanyaya mota ko babban distirbuta ya tare hanya, akwai sanda mai lanƙwasa a tsakiya.

Saiti

Kada ka bar mai saitin ƙafa ya buɗe littafin 1965. Lambobin ciki na tayoyin da ne, da su za a mayar maka da motar gidan jiya. Rubuta masa a takarda: kamba daga sifili zuwa rabin digiri, saman taya ya karkato ciki, kasta digiri 2 zuwa 3, saman nokul ya kwanta baya, gaban tayoyin ya tsuke da kashi ɗaya cikin takwas na inci. Ƙara shim a kusar gaba yana ƙara kasta, ragewa a duka biyun yana karkato saman taya ciki. Yaran da suka saba da motocin zamani ba sa son wannan aiki don kowane gyara sai an sassauta noti a wuri mai zafi, saboda haka nemi tsohon hannu, ka kuma biya shi ladan lokacinsa. In sitiyarinka ba mai taimakon mai ba ne, tsaya a digiri 2, fiye da haka za ka ji a kafaɗa wajen fakin.

Tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da nokul, da hannun da ke riƙe sandar sitiyari ta ɓangaren fasinja, in suna lilo, canza su kafin saitin. Akwatin sitiyari yana da noti a sama na rage lilo, kaɗan ake taɓa shi, sitiyari yana tsakiya, in ka matse da yawa ka gama da shi. Birki kuwa, da yawa suna ɗauko nokul da faifan motar Ford Granada ta 1975 zuwa 1980 don arha, amma a motar 1965 da 1966 yana sa taya ta riƙa juya kanta in ƙafa ta nutse. Nemi kayan faifai da ke hawa nokul ɗinka na V8, irin na Kelsey-Hayes mai fistin huɗu da motar ta zo da shi ga wanda ya biya a lokacin. Ka kuma cire tukunyar man birki mai ɗaki ɗaya ka sa mai biyu, irin wadda Mustang ta fara zuwa da ita daga 1967, don a mai ɗaki ɗaya tiyo guda in ya fashe duka ƙafa huɗun sun tafi. Rim mai inci 15 da faɗin 7, taya 215 ko 225, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ko tana gogar leɓen fenda. Bayan tafiyar mil ɗari, koma ka bi notin hannun sama huɗun nan da sifana, shim suna zama, in noti ya saki zubewa suke yi a hanya.